Tokar da Na Zuba a Buhun Siminti

Ba zan faɗi sunana ba. Wanda ya san ni a Lafiya ya san ni, wanda bai san ni ba kuwa sunan ba zai ƙara masa komai ba. Sunan da nake so ku riƙe na wani ne, Malam Iro magini. Ya yi shekara talatin yana gini ba a taɓa jin katangarsa ta tsage ba, ni kuma na ɓata masa suna a damina guda. Saboda shi na zauna ina wannan rubutu da hannun da bai riƙe fensir ba sai da furfura ta cika kai. In kun ga layi ya karkace ku wuce. Ba tausayi nake nema ba.

A Akurba aka haife ni, a nan na yi aure, a nan mijina ya rasu. Ya bar mini ɗaki guda da kaskon suyar ƙuli-ƙuli. 'Ya'yana mata biyu duk suna ɗakunan mazajensu. Ina so ku ji wannan da kyau: ban kwana da yunwa ba. Ɓarayi da yawa in suna ba da labari sai su fara da yunwa. Ni ina da hatsi, ina da zanen fita. Abin da aka san ni da shi ƙarfi ne da baki. Ina ɗaukar kayan mace biyu, kuma ba a gaya mini magana in kwana da ita.

Lokacin ana kashe fam da sule, mota ba ta yi yawa a garin nan ba. An gina makarantar sakandare ta kwana a bayan gari, wajen hanyar Obi, amma tsakaninta da titi akwai wani ƙaramin rafi. Da rani ko ɗan akuya ya tsallake shi. Da damina kuwa motar lodi ba ta iya ƙarasawa, sai ta tsaya a bakin titi, yara su ɗora akwatunan ƙarfe a ka su ratsa taɓo har gwiwa. Buhunan abincin makarantar ma haka ake shiga da su. Daga baya aka ba wani ɗan kwangila, Alhaji Bukar, aikin ya fitar da hanya daga titi zuwa ƙofar makaranta, ya sa kwalbati a kan rafin, ya kuma share fili a gaban ƙofa inda motoci za su tsaya su juya, da 'yar katanga mai tare ƙasar filin ta gefen gangare.

Alhaji ya ɗauko Malam Iro ya shugabanci ginin. Dattijo ne siriri, iyayensa daga arewa suka zo da sana'ar, ba ya yawan magana. Ɗaukar jar ƙasa da ruwa kuwa mata aka ba, mu ashirin da wani abu, na ƙabilun Eggon da Alago da Migili da tamu. Ni aka sa a kansu saboda muryata tana kai wa ƙarshen fili. Tun da hantsi muke jera kwanon sarki a ka, daga ramin ƙasa zuwa hanya, daga rafi zuwa wurin kwaɓi.

Siminti a cikin wata rumfar kwano ake ajiye shi, muna kiranta sito, mabuɗinta yana wuyan Malam Iro. Alhaji ya ce kada ya ba kowa. Amma ran Juma'a maza sukan tafi masallaci cikin gari da ƙafa, leburorin da ba Musulmi ba su ma su tafi hutu, sabon gini kuwa ba ya jiran kowa, dole a yi ta shayar da shi ruwa kada rana ta busar da shi ya fashe. Garewanin ruwa a sito suke. Sai Malam Iro ya cire mabuɗin ya miƙo mini, ya ce 'yata, in kun gama ki mayar da garewani ki kulle. Haka kawai. Bai taɓa cewa in kula ba.

Daɓen ɗakina na ƙasa ne, irin wanda muke bugawa da madaɓi mu shafe da makuba. Duk damina danshi yana tasowa, gara tana cin tabarma. Wata Juma'a ina mayar da garewani na ga buhu guda a buɗe, an ɗiba an bar saura. Na tsaya ina kallonsa. Na ce a raina mudu ɗaya wa zai gane. Na juye a ƙwaryar da na kawo fura, na rufe da faifai.

A bakin hanya akwai mai gadi mai laluba leburori in an tashi. Yana zazzage aljihun maza har da hularsu. Amma namiji mai mutunci ba ya ɗaga faifan ƙwaryar mace, ba a yin haka, ko matarsa ce a gaban mutane. Na wuce ta gabansa, ya ce a gaida gida. Na ce gida ya ji.

Mudu ɗaya bai isa daɓen ƙofar ɗaki ba ma. Juma'a ta gaba na ƙara. Cikin wata biyu ɗakina ya yi santsi kamar na matar malamin asibiti, maƙwabta suna shigowa kallo. Wata ta ce in samo mata ta ba ni atamfa, wata ta kawo kwanukan samira, mijin wata yana son na bakin rijiya. Na ce musu sharar sito ce ake ba mu. Sun san ƙarya ce, sun karɓa.

Sai dai buɗaɗɗen buhu ba kullum ake samu ba, kuma in buhu ya rame za a gani. A nan na yi dabarar da ta kai ni gidan yari. Mai suyar ƙuli-ƙuli ba ta rasa toka. Na tankaɗe tokar murhuna da rariya sau biyu har ta yi laushi, na ga launinta da na siminti kusan ɗaya ne. Buhunan takarda ne, bakinsu ɗinke da zare. Da safe in shigo da toka a ƙwarya kamar abinci. Da maza sun tafi masallaci in tura mata rafi, in warware bakin buhu, in ɗebi siminti, in zuba toka, in cuɗa da hannu, in ɗinke da allurata. Da yamma in fita da siminti. Da abin ya yi nisa ƙwarya biyu nake zuwa da su, har ranakun da ba Juma'a ba ina fitar da wanda na ɓoye a bayan garewani.

Mace mai ɗaukar kaya tana gane nauyin kaya daga wuyan 'yar'uwarta. Talatu, wata 'yar Eggon da ke bayana a layi, ita ta fara gani. Muna tafiya gida ta ce, "Yaya, ƙwaryan kowa yana rama da yamma, naka kuwa ƙiba yake yi. Wane irin fura ne wannan?" Sauran suka yi dariya. Na juya na gaya mata ta kula da nata wuyan, in kuma ta gaji da aikin akwai mata goma a Akurba masu jiran gurbinta. Ba ta kuma sake tafiya kusa da ni ba.

Da waɗannan buhunan aka zuba rufin kwalbati. Ni na ɗebo ruwan kwaɓin. Ina tsaye ina kallo ana juya tokata da yashi da tsakuwa, ban ji komai ba. Mutane suna tsammani ɓarawo gabansa na faɗuwa kullum. Sau biyu ko uku na farko ne kawai. Daga nan sai abin ya zama kamar shara ko wanke-wanke.

Malam Iro yana da wata al'ada. In gini ya kwana biyu sai ya ɗauki ƙaramar guduma ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Yakan ce gini mai lafiya amsawa yake kamar ƙarfe. Ranar da aka cire katakon kwalbatin ya ƙwanƙwasa nan, ya ƙwanƙwasa can, ya daɗe a tsugune. Na ji yana gaya wa Alhaji cewa muryar ginin nan kamar tulu mai tsaga, bai san dalili ba, a bar shi ya fasa ya sake. Alhaji ya ce saura kwana tara yara su dawo daga hutu, kuma an riga an gaya wa manya hanya ta kammala, kunnen tsoho ne kawai. Aka bi kai da jar ƙasa, aka daddaɓe.

Ranar dawowar yara an kwana ana ruwa, rafi ya kawo. Muna can muna baza ƙasa a filin motoci sai ga motar lodi ta farko ta sako kai daga titi, cike da akwatuna da buhunan dawa, yara wajen talatin a zaune a kan kayan suna waƙa. Malam Iro ya ajiye abin da ke hannunsa ya tafi ya tsaya a tsakiyar hanya, gab da kwalbati, ya ɗaga hannu. Direban, wani mutumin Obi, ya yi ta danna ham yana zaginsa. Ya ce ba zai kauce ba sai yaran sun sauka sun tsallaka da ƙafa. Wani malamin makaranta ya ce tsohon nan yana ɓata mana lokaci, amma ya sa suka sauka. Suka wuce suna yi masa dariya.

Motar ta hau. Ƙafafun gaba suka wuce. Da na baya suka zo tsakiya sai ƙasa ta buɗe, ba da wata ƙara mai yawa ba, kamar an taka busasshiyar ƙwarya. Motar ta kwanta ta gefen direba cikin rafi, kayan da yaran nan suke zaune a kai ɗazu suka zube cikin ruwa. An daɗe kafin a zaro direban. Ƙafarsa ta dama ba ta sake zama tasa ba, a asibiti aka yanke ta.

Ni ina tsaye da kwano a ka. Na tuna ban sauke shi ba har aka gama. Da yamma na koma gida na soya ƙuli-ƙuli, don akwai gyaɗar da na riga na niƙa.

Masu duba aiki suka zo suka ɗauki ɓaraguzan ginin, suna murje su da yatsa suna zama gari. Suka ce an ci siminti. 'Yan doka suka tambayi wa ke riƙe da mabuɗi, aka ce Malam Iro. Aka tafi da shi da rigar aikinsa.

Ranar shari'a na je, na tsaya a waje jikin taga tare da sauran mata. Alƙali ya tambaye shi dalilin da ya sa ya sauke yaran. Ya ce don bai yarda da ginin ba. Alƙali ya ce, "Ashe ka san abin da ke ciki ke nan." Na ji mutane sun yi gunaguni, kowa yana gyaɗa kai. Abin da ya ceci yara talatin shi ya zama shaida a kansa. Alhaji Bukar bai ce uffan ba game da maganar fasa ginin. Aka tambayi Malam Iro ko wani ya taɓa riƙe mabuɗin ban da shi. Talatu tana gefena, ta juyo ta dube ni. Ya ce, "Ni aka damƙa wa. Abin da ban gani da idona ba, ba zan ɗora wa kowa ba." Aka yanke masa shekara biyu.

Na dawo gida da ƙafata. Ba wanda ya riƙe mini baki, ni na riƙe shi. Macen da ba a gaya mata magana ta kwana da ita, ranar nan ba ta da ta cewa.

Ma'aikata suka shirya kai masa abinci gidan yari bi da bi. Da nawa ya zo na je, ba don kirki ba, don in na ƙi za a lura. Na kai tuwon dawa da miyar karkashi. Ya rame, an aske masa kai. Ya karɓa ya yi godiya, ya tambayi jikin direba, ya tambayi mata. Har na juya zan tafi ya ce, "'Yata, a nan mutum yana samun lokacin tuna abubuwa. Akwai buhuna jingine a bangon gabas na sito, ɗinkin bakinsu na hannu ne. Kada a bari su shiga katangar fili. A gindinta yara za su riƙa zama jiran mota."

Bai ce ke ce ba. Bai ma dube ni ba, tuwon yake kallo. Na ce to, Baba. Na ɗauki kwanona na fita.

Kuna tsammani daga nan na wuce wurin alƙali? Ban je ba. Wata bakwai na yi da maganar nan a cikina. An tsayar da aiki har damina ta wuce, ina suyata, ina kwana a kan daɓen siminti, ina barci kuma. In na tuna shi sai in ji kamar labarin wani gari ne aka ba ni.

Da rani aka dawo da aiki da sabon magini. Aka sake kwalbati da sabon siminti, sannan aka juyo kan katangar filin motoci. Alhaji ya ce a fara cinye tsofaffin buhunan sito. Wata safiya na iso wurin kwaɓi da garwar ruwa a ka, na ga maginin ya jawo buhu yana neman bakin zare. Na gane ɗinkina, baƙin zare ne, irin wanda nake ɗinke zanena da shi. Can gefe yara suna zaune a inda katangar za ta tsaya, suna cin rake.

Ba jarumtaka ba ce, kada wani ya gaya muku haka. Ban shirya ba, ban yi kuka ba. Bakina ne ya buɗe kamar yadda ya saba buɗewa a kan kowa. Na ce, "Kada ka kwaɓa wannan, rabinsa toka ne. Ni na zuba. Na kwalbati ma ni ce." Maginin ya ɗauka wasa ne. Talatu ta sauke kwanonta ta ce ba wasa ba ne. Na juye ruwan a ƙasa, na kife garwar na zauna a kanta har 'yan doka suka zo.

Shekara uku aka ba ni. Ba ni da wani dogon labari a kan gidan yari. Daka, niƙa, wankin bargunan da ba sa fita. Kwana yana bin kwana. 'Yata ta fari ta zo sau ɗaya ta ce mijinta ya hana ta dawowa, na ce ya yi daidai. Waɗanda suka karɓi siminti a hannuna babu wadda ta leƙo, ni ma ban kira sunan kowa ba. Su ba su zuba toka ba.

An saki Malam Iro tun satin da aka kama ni, na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Da na fito na tarar ba ta ƙare ba. Shari'arsa gari duka ya halarta, sakinsa kuwa ba wanda ya gani. Masu cewa ba a kama mutum a banza sun fi yawa. Wasu suka ce tare muka yi, wasu suka ce ni ce na ɗauke masa don wani abu da ke tsakaninmu. Ba wanda ya sake ba shi ko ginin bayan gida. A kasuwa na ji wani yana faɗa da tela a kan rigar da ta warware, yana cewa wannan ai aikin Iro ne. Na tambaya, aka ce haka ake kiran duk aikin ha'inci yanzu.

Na fara zuwa Obi neman direban. Matarsa ta tare ni a ƙofa, ta ji ko ni wace ce, ta ce in koma inda na fito. Na koma. Gaskiyarta.

Malam Iro kuwa a zaurensa na same shi, yana gyara wa mata murhu da tukwanen da suka tsage, idonsa ya fara tafiya. Na durƙusa na ce Baba na zo neman gafara. Ya gane muryata. Ya sa aka kawo mini ruwa. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, an ce kada ya ba da mabuɗi ya bayar. Sannan ya ce, "Abin da ke hannuna na yafe tun ina ciki. Amma suna ba a hannuna yake ba, 'yata, a bakin mutane yake. Can za ki je ki nemo."

Bai yi shekara biyu bayan nan ba ya rasu. Mutanen da suka bi gawarsa ba su cika sahu biyu ba.

Na bi maganarsa yadda na iya. A gidan biki, a gidan mutuwa, a bakin famfo, duk inda na ji an ce aikin Iro sai in tsaya in ce ba nasa ba ne, nawa ne, ga yadda aka yi. Aka fara cewa tsohuwar nan ta taɓu. Na ga bakin mutum ɗaya ba ya cin gari, kuma in na mutu ya rufe. Shi ya sa da aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a unguwarmu na je na zauna a tabarma tare da sa'o'in 'ya'yana. Shekara huɗu na yi kafin in iya haɗa layi ɗaya ba a gyara mini ba. Na tuba ga Allah, ina kuma kan tuba. Ko ya karɓa, shi ya sani.

Ku yara, musamman ku da kuke shiga makarantar nan a mota kuna sauka a fili mai kyau, ga abin da zan gaya muku. Ba a fara sata da buhu, da mudu ake farawa, kuma ranar da kuka ji gabanku ya daina faɗuwa ranar ce ya kamata ku ji tsoro. In an ba ku mabuɗi don an yarda da ku, ku sani wuyan mai shi aka ba ku. In an ƙi laluba ku don kunya, kada ku mayar da kunyar mutane ƙofar fita. In kuwa kun riga kun yi, ku faɗa tun kafin a kama wani, don ni na faɗa bayan wata bakwai, ya fito da jikinsa, sunansa bai fito ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Har yau akwai masu cewa aikin Iro, da yawansu ba su ma san mutum ne ba. In kun ji, ko daga bakin ubanku ne, ku tsaya ku gaya masa da ladabi: Malam Iro bai ci siminti ba. Shi ne ya tsaya a gaban mota ya sauke yara. Wadda ta zuba tokar mace ce 'yar Akurba, kuma ita ta rubuta da hannunta.